Wai wa ke tuƙa motar da ke duniyar Mars?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku yi haƙuri da ƙarar motocin da kuke ji, a bakin titi nake a gefen Pasadena ta jihar Kalifoniya, yanzun nan na fito daga zagayen da ake kai baƙi a JPL, cibiyar nan ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da ke kula da motocin da ke yawo a duniyar Mars, na ce wallahi ba zan koma ɗaki ba sai na ba ku labari tun da zafinsa.

Yawancin mutane suna ɗauka akwai wani da ke zaune riƙe da rimot yana kallon allo yana murza motar dama da hagu. To ba haka ba ne sam. Saƙon rediyo daga nan zuwa Mars yana cin minti 3 in duniyoyin sun kusanci juna, in sun yi nisa kuwa har minti 22, zuwa kaɗai fa ban da dawowa. Kenan in ka hango rami ka taka birki, kafin birkin ya isa mai afkuwa ta riga ta afku. Shi ya sa aikin ya koma kamar wasiƙa, a rubuta mata duk abin da za ta yi yini guda a aika, ta je ta yi ita kaɗai, da yamma ta aiko da amsa.

Motoci biyu ake wa wannan hidimar, Curiosity da ta sauka a kwarin Gale a watan Agustan 2012, da Perseverance da ta sauka a Jezero ranar 18 ga Fabrairun 2021. Da safiyar can motar za ta farka ta juyo da eriyarta wajen duniyarmu ta karɓi umarnin ranar. Manyan faifan da ke aika saƙon a wuri uku suke, Goldstone a nan Kalifoniya, sai kusa da Madrid a Sifaniya, sai kusa da Kanbera a Ostareliya, an raba su haka ne don duk yadda duniya ta juya a samu wanda ke fuskantar Mars. Ta bayan gilashi aka nuna mana ɗakin da ake sa ido kan saƙonnin nan, shiru ɗakin, ba hayaniya ba komai, kowa idonsa na kan allonsa. Da rana ta yi sanyi a can kuma sai wani kumbo da ke zagaya Mars, irin su Mars Reconnaissance Orbiter ko Odyssey, ya gifta ta samanta na 'yan mintoci, ta juye masa hotuna da awon da ta yi shi kuma ya miƙo mana. Tana barci, mutane suna nan suna tsara mata gobe.

Ga wani abu kuma, ranar Mars ta fi tamu da minti 39 da daƙiƙa 35, sol suke ce mata. Kamar ba komai ko? Amma a sol 90 na farko bayan sauka ma'aikatan agogon Mars suke bi, yau ka zo aiki ƙarfe takwas, gobe takwas da arba'in, jibi tara da ashirin, kafin sati uku ya cika darenka ya zama rana, ga iyali ga yara 'yan makaranta. Daga baya ne ake komawa agogon duniya, ranar Juma'a a haɗa shirin sol uku a aika gaba ɗaya.

Wutar da motar take samu kuwa wat 110 ne kacal lokacin da take sabuwa, daga zafin sinadarin fulutoniyam, ku auna da tsohon kwan fitila mai wat 100. Da ita ake cajin batir, da batirin ake tafiya, ake ɗaga hannu, ake ɗumama gaɓoɓinta da safe saboda sanyin daren can ba a cewa komai. Don haka kullum sai an zauna an yi ciniki, masu binciken duwatsu na son a tsaya a huda wannan dutsen, masu yanayi na son a kalli sama a auna ƙura, injiniyoyi su ce wutar ba za ta isa duka ba a zaɓi ɗaya.

Amma inda abin ya fi kama ni shi ne gyara. Ku tuna ba makaniki a can, ba wanda zai je da sifana. A 2013 aka fara ganin duwatsu masu kaifi suna huda tayoyin Curiosity, na alminiyam ne ba na roba ba, to me za a yi? Sai aka canza mata hanya ana neman ƙasa mai laushi, wani lokaci a tuƙa ta da baya, daga baya aka aika mata sabuwar manhaja mai daidaita gudun kowace taya in tana hawa dutse. A ƙarshen 2016 kuma abin da ke tura bakin na'urar huda dutsenta ya ƙi aiki, mutanen nan suka yi ta gwaji a nan ƙasa sama da shekara guda har suka koya mata ta riƙa danna na'urar da ƙarfin hannunta gaba ɗaya, sai a watan Mayun 2018 ta sake huda dutse. Wallahi wannan haƙurin ya taɓa ni, shekara ɗaya da rabi a kan matsala ɗaya tak ba su ce a bar shi ba. Suna da wani fili a ciki da aka zuba wa yashi da duwatsu, da tagwayen motocin, wato irinsu da aka bari a nan ƙasa, ta Perseverance sunanta OPTIMISM, duk wani motsi mai haɗari a kanta ake fara gwadawa. Kuma tsoron nasu da dalili, wata motar da ta riga su zuwa Mars mai suna Spirit a 2009 ta maƙale a yashi ba ta sake fita ba. Shi ya sa masu tsara tafiyar suke sa tabarau mai nuna zurfi da tudu su bi hotunan dutse bayan dutse, motar da gudunta duka bai wuce mita 150 da 'yan kai a awa ba. Perseverance dai tana iya zaɓar hanya da kanta ta kauce wa duwatsu, amma mutum ne ke ce mata ga inda za ki ga kuma iyakarki.

Duk bayan wata 26 rana tana shiga tsakaninmu da Mars, kusan sati biyu ba a aika umarni don kar saƙo ya gurɓace a hanya ta karanta abin da ba a ce ba, sai a bar mata ƙananan ayyuka, ta auna iska ta ɗauki hoto ba tare da ta gusa ba.

Yanzu haka da nake maganar nan, a cikin gine-ginen da ke bayana akwai masu bin umarnin gobe layi-layi, wani ya rubuta wani ya duba a sake gwadawa a kwamfuta, tunda in ya tafi ba a kiransa ya dawo. Ga bas ɗina can ta taho, bari in tsallaka, sai mun haɗu a na gaba in Allah ya kai mu.