Kafin rahoto ya kai teburin Gwamna, hannu nawa yake bi?

A'isha: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Birnin Kebbi. Yau muna tare da Baba Umaru, wanda ya yi ritaya daga sashen tsare-tsare da ƙididdiga na wata ma'aikata, da kuma Nura, mai bin diddigin kasafin kuɗi. Baba, jiha mai ƙananan hukumomi 21, daga Arewa har Sakaba. Ta yaya gwamna zai san abin da ma'aikatunsa suka yi?

Baba Umaru: To ɗiyata, takarda ce ke kai masa. Daraktan kowane sashe ya rubuta abin da ya yi, sashen tsare-tsare ya harhaɗa, a miƙa wa babban sakatare, shi kuma ya gyara ya kai wa kwamishina. Kwamishina ne zai tsaya da shi gaban majalisar zartarwa. Sashe na 193 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya wajabta wa gwamna ya riƙa zama a kai a kai da mataimakinsa da kwamishinoni.

Nura: Baba, ka ce "ya gyara". Nan nake so mu ɗan tsaya.

Baba Umaru: Ai na san nan za ka tsaya! Gyaran ba ƙarya ba ce kai tsaye, tankaɗe ne. Jami'in da ke can ƙauye zai rubuto cewa rijiyar burtsatse ta tsaya cak tunda aka sace faifan sola. Darakta ya mayar da shi "tana buƙatar kulawa". Kafin ya bar ofishin babban sakatare, rijiyar ta shiga jerin waɗanda aka kammala, kuma gaskiya ne, an kammala ta. Babu wanda ya tambaya ko tana ba da ruwa yau.

A'isha: Kenan kowa yana kare kujerarsa.

Baba Umaru: Wa zai rubuta da hannunsa cewa ya gaza? Ga kuma gaggawa. Wasiƙa za ta fito daga ofishin sakataren gwamnati ranar Laraba, ana son ayyukan da aka yi kafin Juma'a, saboda ga 29 ga Mayu, ranar cikar shekarar gwamnati a kan mulki, ta ƙarato. Na ga an buɗe fayil ɗin bara a kwamfuta, an canza shekara, an liƙa sababbin hotuna. Hoton kuma kullum gaban ginin ake ɗauka, inda fenti ke ƙyalli. Ba a shiga ajin a ɗauko yara zaune a ƙasa.

Nura: Ni kuma, Anti A'isha, abin da ke damuna shi ne ma'aunin kansa. Kusan duk rahoton da za ki gani, kuɗi yake ƙirgawa da kwangila. An ware kaza, an bayar da aikin azuzuwa kaza, an sayo buhun taki kaza. Amma manomin shinkafa na fadamar Argungu ko Suru ba buhun da aka sayo ya dame shi ba. Yaushe takin ya iso? Idan ya iso bayan shinkafa ta fitar da kai, a takarda an yi nasara ɗari bisa ɗari, a gona kuwa ba a yi komai ba.

Baba Umaru: Amma ɗana, ka yi wa ma'aikaci adalci. Akwai abin da majalisa ta amince, akwai abin da gwamna ya sa wa hannu, akwai kuma abin da akanta janar ya saki. Abu uku ne daban. Idan an rubuta maka miliyan 100 a kasafi, aka sakar maka 20 a watan Nuwamba, da wane bakin za a ce ka gaza?

Nura: Wannan na yarda. Shi ya sa rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku yake da amfani. Lokacin da Bankin Duniya ya kawo shirin SFTAS na tallafa wa jihohi su bayyana harkokin kuɗinsu a 2018, da dala miliyan 750 a farko, aka ce jiha ba za ta ci wani kaso na tallafin ba sai ta wallafa kasafinta da rahoton wata uku-uku a intanet cikin 'yan makonni. A nan za ki ga abin da aka ware wa kowace ma'aikata da abin da ta kashe, layi-layi. Ƙaramin ci gaba ne? A'a, babba ne. Sai dai har yanzu naira yake ƙirgawa.

A'isha: To ai akwai odita janar. Ba shi ne idon da ba na ma'aikatar ba?

Baba Umaru: Shi ne, amma ki lura, ba gwamna yake kai wa rahoto ba. Sashe na 125 ya ce cikin kwana 90 da karɓar lissafin akanta janar zai miƙa rahotonsa ga majalisar dokoki, kwamitin asusun gwamnati ya duba. Kuma hukumomin da doka ta kafa su da kansu, ba shi ne yake binciken littattafansu kai tsaye ba. Yana ba su jerin masu binciken da za su zaɓa, ya yi sharhi kan abin da suka kawo, ya kuma leƙa lokaci-lokaci. Kafin duk wannan ya kammala, shekara ta wuce, wani lokaci kwamishinan ma ya bar kujerar.

Nura: A tarayya sun gwada wata dabara. A 2023 ministoci suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙwazo, aka ɗora wa Hadiza Bala Usman bin sawunsu daga wani ofishi na daban. Dabarar ita ce mai aiki daban, mai ba da maki daban.

Baba Umaru: Mai ba da makin daga ina zai samo alƙalumansa? Idan daga ma'aikatar ne, an dawo gidan jiya.

Nura: Ba dole ba ne, Baba. Akwai bayanan da ke tasowa daga ƙasa. Kowane asibitin matakin farko yana cike fom na wata, nawa suka zo awon ciki, nawa suka haihu a asibiti, yara nawa aka yi wa rigakafi, ana shigar da su manhajar DHIS2 daga ƙaramar hukuma. Makarantu suna da ƙidayar shekara-shekara. Gwamna zai iya ajiye rahoton kwamishina a dama, wannan a hagu. Idan an ce an gyara asibiti a Bagudo amma masu haihuwa a can ba su ƙaru ba, ga tambaya ta fito.

A'isha: Ni kuma zan ƙara da sarakuna. Gwandu, Argungu, Yawuri, Zuru, kowace masarauta tana da hakimai da dagatai har ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Mai unguwa ya san ko malami yana zuwa.

Baba Umaru: Ya sani sarai. Faɗa ce sai an tabbatar masa ba zai jawo wa kansa ba. Kuma komai ya koma kan mai gidan. Idan duk wanda ya kawo labari mara daɗi sai an murtuke masa fuska a zauren majalisa, wata mai zuwa babu mai kawowa. Gwamna Nasir Idris malami ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ba sai an koya masa bambancin rajistar aji da yaran da ke zaune cikin ajin ba.

Nura: Ni dai da za a ba ni dama, shafi ɗaya zan ƙara a gaban kowane rahoto: abin da muka yi alkawari, abin da aka sakar mana da ranar da aka sake shi, abin da bai yiwu ba da dalili.

Baba Umaru: Layin ƙarshen nan, ka samo babban sakataren da zai cike shi, ni zan saya maka kifin Yawuri.

A'isha: Mun riƙe ka da wannan, Baba. Masu sauraro, mako mai zuwa Nura zai zo mana da rahoton wata uku na jiha, mu buɗe shafin ma'aikatar lafiya tare. A huta lafiya.