Ka zuba baƙin mai geji ya hau, wai shi ke nan ringi ne?

Wannan bidiyon da ke ta yawo ne ya sa na ɗauko kyamara yau, wanda aka zuba baƙin mai a ramin filogi, gejin auna matsin iska a cikin silinda ya yi sama, sai aka ce ai magana ta ƙare, ringin fistan ya mutu a sauke inji. Ku ɗan dakata tukuna.

Ga motar nan, Porsche 911 SC, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1978 da 1983, inji lita 3, silinda shida, yana can baya. Iska ce ke sanyaya shi, don haka masu cewa a leƙa lagireto a ga ko ruwa na kumfa, to sai dai su ara mana lagireton.

Farkon aikin ba wuya. Inji ya ɗau zafi, a kwance filogi duka shida, a cire wuta da famfon mai, batir ya zama cike, a take totur har ƙasa sannan a yi kik. Ku kalli allura. Biyar sun tsaya wajen 150, silinda mai lamba uku kuwa ko 100 ba ta kai ba. Abin da ake dubawa shi ne tazarar da ke tsakaninsu, in ta wuce kamar kashi 10 cikin ɗari akwai magana.

To ga inda ake tafka kuskuren. Dabarar ita ce man ya kwanta a jikin ringi ya toshe inda iska ke zurarewa, in ringin ne ya ci sai lamba ta hau, in bawul ne sai ta tsaya inda take. A takarda kenan. Amma ku dubi yadda injin nan yake, a kwance yake, uku dama uku hagu, fistan gefe yake tafiya ba sama ba, man da ka zuba ba zai zagaye ringi ba, gangarawa zai yi ya taru a ƙasan silinda, saman kuwa ko ɗigo bai samu ba. Kenan ringi zai iya zama matacce geji kuma ya ƙi motsi, kai kuma ka je ka ɗora wa bawul laifin da bai ji ba bai gani ba.

Sannan yawan man. Kowace silinda a nan kusan cc 500 ce, amma in fistan ya kai ƙarshe wurin da ya rage kusan cc 60 ne kacal, ɗan ƙaramin kofin shayi ma ya fi shi. Mai kuma ba ya matsuwa. In ka antaya cc 20 ka cinye kashi ɗaya cikin uku na wurin, dole allura ta hau ko da ringinka sabo ne fil. Bari in nuna muku a lamba ɗaya mai lafiya... kun gani ko? Ita ma ta hau. Cokalin shayi ɗaya ya isa, wanda na gani a bidiyon can kuwa kamar zai soya ƙosai, irin wannan har sandar fistan yana iya lanƙwasawa.

Ni dai a ganina, a irin wannan injin gwajin mai alama ce kawai. Kafin ka taɓa komai bar inji ya huce sarai ka auna tazarar bawul, milimita 0.10 ake so. In ta matse bawul ba ya rufuwa da kyau, iska ta gudu, kuma gyaran bai wuce sifana da sukudireba ba.

In tazara daidai take sai a hura iska cikin silindar ta ramin filogi. A juya inji fistan ya kai ƙarshe bawul biyu a rufe, a cire sifanar da aka juya injin da ita daga kan fuli, don Allah a cire, in iska ta juya injin haƙora ne za su biya. Sai a kasa kunne. Huci a salansa, bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Huci ta wajen shigar iska, ɗayan bawul ɗin. In ta bakin tankin baƙin mai ne, yauwa, yanzu ne za ka ambaci ringi. In kuma tsakanin kan silinda da jikinta yake fita, buɗe murfin bawul na ƙasa, don SC ta yi suna wajen karyewar dogayen kusoshin da ke riƙe kan silinda, wani lokaci kana buɗewa notin zai faɗo maka a hannu.

Bari in matso da makirfo kusa da salansa. Ku yi shiru ku ji.