Ƙafa guda ta fi guda tsawo: katako nawa za a ƙara ma feda?

Assalamu alaikum jama'a. Wanga bidiyo da kuka dame ni da turowa a WhatsApp, na mutumin da ya buga ƙaton katako bisa fedar keke don ya cike ragin gajerar ƙafa, awa zai yi kujerar tsakar gida, na gani, kuma wallahi dabararshi ba banza ba ce, wuri guda ne kawai ya kuskure, kuma nan kusan kowa ke faɗawa.

Ku dubi wanga ƙane nawa ta baya. Ya karye a ƙwauri yana yaro, anka yi ɗori, ƙafar hagu ta warke amma ta ɗan rage. Kun ga yadda ƙugunshi ke zubewa hagu duk sa'ad da feda ta kai ƙasa? Daga unguwar Mabera zuwa babbar kasuwar Sakkwato sau nawa zai yi haka, shi ya sa da dare baya da gwiwa ke hana shi barci. Masu irin wagga matsala suna da yawa garin nan, wasu karaya ce, wasu shan inna ya taɓa su tun kafin 2020 da anka tabbatar an kawar da nau'inta na asali a Afirka.

Awo bai da wuya. Mai gajerar ƙafar ya tsaya ba takalmi bisa siminti, a riƙa tura littattafan rubutu ƙarƙashin gajerar ƙafar, wani na baya ya ɗora hannu bisa ƙasusuwan ƙugu har su daidaita, sai a auna kaurin littattafan da tef ɗin tela. Namu ya ba da santimita 2. Sirdi kuma da doguwar ƙafa ake saita shi: ya zauna, dunduniya bisa feda, feda na ƙasa, ƙafa ta miƙe sak ba tare da ya karkata ba. A ɗaure noti, mu wuce.

To ga inda nike son ku aje komi ku saurara. An auna santimita 2, sai mutum ya ce a yanko mai katako na santimita 2 cif. A'a malam, rabi za ka sa, santimita 1. Mi ya sa? Ku kalli nan, na rage gudun hoton. Feda zagaye take yi, katakon da ya taimake ka a ƙasa yana nan liƙe da ƙafarka in ta hau sama, ga shi nan ya tura gwiwa ta ƙara lanƙwashewa, ta doshi ƙirji fiye da ɗayar. Ka cika shi da yawa, ka gyara ƙasa ka ɓata sama. Bayan haka jikin nan shekara da shekaru ya saba da abinshi, ƙugu ya koyi karkata, idon sawu ya koyi miƙa yatsu ƙasa don ya cike giɓin, duk wannan ba zai warware ranar Talata guda don ka sayo katako ba. Ka ba shi rabi ya hau mako biyu, in har yanzu yana zubewa ka ƙara milimita 2 ko 3, ka sake jira. Ni a ganina mafi yawa ba su ma kai ga cikon ba za su ce ya isa.

Kuma in ragin a cinya yake, katako kaɗai ba ya yi, sai ya ɗan ja tafin gajerar ƙafar baya kaɗan bisa feda, shi kuma wannan gara likitan ƙashi ya auna, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan kusa.

Saura aikin hannu. Katako gefe biyu na feda ake sa shi, sama da ƙasa, a huda a ɗaure da noti, don in ka sa gefe guda nauyi zai juya shi ƙasa kullum, kana tsakiyar titi kana lalube da ƙafa mai a-daidaita na danna maka oda. Ƙusa kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan. A liƙa guntun tsohuwar taya a kai don santsi. In za ku kwance fedar ku nemi sifana mai lamba 15, ku tuna ta hagu a juye take, inda kake ɗaure sauran noti nan ita take kwancewa, na ga ƙato ya yi gumi sharkaf a ranar Sakkwato yana ƙara ɗaure ta yana zagin mai keke.

Wanda kuma keken na haɗin gwiwa ne da 'yan'uwa, ya bar feda yadda take, ya kai takalmi guda wurin mai gyaran takalma a ƙara mai tafi na santimita 1. Ga ƙanen nawa nan ya sake hawa, ku dubi ƙugun.