Mutum Ɗaya, Suna Biyar: Laccar Makomar Katalogi da Aka Gabatar a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe, malamai da 'yan uwa ma'aikatan laburare. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu zan taɓa: inda muka fito, dalilin neman canji, inda ake dosa, da abin da mu nan za mu iya yi.

Inda muka fito kowa ya sani, MARC ne, wato tsarin shigar da bayanan littafi cikin kwamfuta. Wata mata mai suna Henriette Avram ce ta jagoranci ƙirƙirarsa a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960, don kwamfuta ta iya karanta abin da ke kan katin katalogi. A 1999 aka haɗa na Amurka da na Kanada ya zama MARC 21. Duk mai manhajar laburare ta Koha a ofishinsa shi yake cikewa kullum: gurbi na 100 marubuci, 245 sunan littafi, 650 maudu'i. Ya yi mana aiki, kada wanda ya zage shi. Aibinsa shi ne haruffa yake ajiyewa, kwamfuta ba ta san mai sunan ba.

Bari in kawo misali daga gida, tunda Gwandu ga ta nan kusa. Malam Abdullahi, ƙanin Shehu Usmanu. Wani ma'aikaci ya rubuta Abdullahi ɗan Fodiyo. Na gaba da shi madanninsa ba shi da ɗ mai ƙugiya, sai ya sa dan Fodio. Wani ya ce Abdullahin Gwandu. Wani ya bi Larabci ya sa Abdullah ibn Fudi, wani kuma Abdullah ibn Muhammad. Mutum nawa ke nan? Mu mun san ɗaya ne. Kwamfuta ta ce biyar! Sai ɗalibi ya zo ya buga suna ɗaya, littafi biyu su fito, ya koma ya ce wa malaminsa laburaren nan ba komai. Alhali ga su can a kan kanta suna shan ƙura. Kuna dariya, ai kun san ana yi.

Wani zai ce ai muna da kundin daidaita sunaye. E, muna da shi, amma naka daban, na laburaren Aliero daban, na Gusau daban, ba wanda ya san da wani. Nan ne maganar Tim Berners-Lee take shigowa, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo a 1989. A 2006 ya fitar da ƙa'idoji huɗu na bayanai masu haɗe da juna. A taƙaice: kowane abu a ba shi adireshi nasa na dindindin a intanet, wanda ya bi adireshin ya tarar da bayani, bayanin kuma ya kai shi ga wasu adireshin. Kamar lambar NIN ce. Ka rubuta sunanka Muhammadu ko Mamman ko Muhd, lambar ba ta canzawa. To a ba Malam Abdullahi lamba ɗaya, sunayen nan biyar duk su rataya a jikinta, da na boko da na haruffan Larabci.

Kuma fa ba sai mun ƙirƙiri lambobin ba. Akwai VIAF da ƙungiyar laburarori ta OCLC ke gudanarwa, wadda take haɗa kundayen sunaye na manyan laburarorin ƙasashe. Akwai Wikidata, rumbun bayanai a intanet, tun 2012, kowa yana iya gyarawa, kuma tana karɓar suna da Hausa. Sannan bayanin ana tsinka shi gaɓa uku uku, shi ne RDF: wane, ya wallafa, kaza. Abdullahi ya wallafa Tazyinul Waraƙat. Abdullahi ƙanin Shehu ne. Abdullahi ya zauna Gwandu. Da zarar an jera su haka, kana iya cewa kwamfuta ta kawo maka duk abin da malaman Gwandu suka rubuta, ko da kalmar Gwandu ba ta cikin sunan littafin. In maimaita: ko da ba ta ciki. Wannan MARC ba ya yi maka cikin sauƙi.

Na biyu ke nan... ko na uku muke? Lokaci ya tafi. BIBFRAME, sabon tsarin katalogi, da sauri. Laburaren Majalisar Amurka ya fara shirinsa a 2011 don ya gaji MARC, a 2016 aka fitar da sabon fasali mai hawa uku: aikin kansa, bugunsa, sannan kwafin da ke hannunka. Tazyinul Waraƙat aiki ne. Bugun Ibadan na 1963 da Baturen manazarci Hiskett ya shirya bugu ne. Wanda ke kan kantarku da hatiminku kwafi ne. Laburaren ƙasar Suwidin ya koma irin wannan tsari a 2018. Na'am Hajiya, akwai tambaya?

Wata daga cikin mahalarta: Malam, mu har yanzu katin takarda ba mu gama shigarwa kwamfuta ba, ga wuta ba kullum ba. Wannan zance namu ne kuwa?

Hajiya, kin yi tambaya. Ban ce ku jefar da MARC gobe ba, Amurkawan ma ba su jefar ba. Amma ke da ba ki gama shigarwa ba, kin fi wanda ya gama da sunaye a hargitse sa'a. MARC ɗin kansa yana da ƙananan gurabe, $0 da $1, inda za ki liƙa adireshin marubucin. In wuta ta zo, ki nemo lambar sau ɗaya, ki rubuta a littafin ofis, kowa ya riƙa kwafa. Ranar da za a juya bayananku zuwa sabon tsari, waɗannan lambobin ne za su hana mutum ɗaya rabuwa biyar.

Abin da ya fi damuna ma wani ne. Shehu da Bello da Abdullahi suna da lamba, don Turawa da Larabawa sun yi rubutu a kansu. Malamin zaure na Argungu ko Yawuri ko Kaura Namoda da ya bar waƙoƙin ajami a gafaka, wa zai yi masa? Ba wani a Amurka da zai zauna ya tantance shi daga mai irin sunansa. Ku ne kuka san jikokinsa, ku za ku tambayo shekarar rasuwarsa da malaman da ya yi karatu a wurinsu. Ranka ya daɗe, na ga agogon. Hajiya, bayan sallah ki zo da katin marubuci ɗaya daga naku, mu buɗe masa shafi a Wikidata a gaban kowa.