Napoli: Ƙungiyar Da Ta Durƙushe A 2004 Ta Sake Miƙewa

Masu sauraro, duk lokacin da aka ambaci ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Napoli, sunan Diego Maradona ne ke fara faɗowa bakin mutane, kuma ya cancanci hakan. Sai dai tarihin wannan ƙungiya ta kudancin Italiya, wadda aka kafa a 1926, yana da wani babi da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, wato yadda bashi ya kashe ta murus, sannan ta sake miƙewa da ƙafafunta.

Arzikin Italiya a arewa yake, inda masana'antun Milan da Turin suke, shi ya sa kofin gasar Serie A ya daɗe yana kai-komo tsakanin Juventus da AC Milan da Inter. Matasan Napoli kuwa arewar suke tafiya ci-rani, kuma idan ƙungiyarsu ta je wasa can, magoya bayan masu masauki kan yi musu gori da annobar kwalara ta 1973 da girgizar ƙasa ta 1980. Cikin wannan takaici ne shugaban ƙungiyar, Corrado Ferlaino, ya sayo Maradona daga Barcelona a 1984 a kan kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasa ba a duniya. Ranar 5 ga Yuli, sama da mutum dubu 70 suka cika filin San Paolo alhali ba wasa ake yi ba, sun zo ne kawai su ga ɗan Ajantinan ya ɗaga musu hannu ya ɗan jujjuya ƙwallo.

Ranar 10 ga Mayun 1987, kunnen doki 1-1 da Fiorentina ya ba Napoli kofin gasar na farko a tarihinta, aka shafe kwanaki ana shagali, har wasu suka riƙa zaga gari da akwatunan gawa lulluɓe da tutar Juventus. Kofin UEFA ya biyo baya a 1989, sai kofin gasar na biyu a 1990.

Amma ginin a kan mutum ɗaya ya dogara. Da gwaji ya nuna Maradona ya sha hodar ibilis a 1991, aka dakatar da shi na wata 15, ya bar birnin, sai ɓarakar ta fito fili. Aka shiga sayar da zaratan 'yan wasa irin su Gianfranco Zola da Ciro Ferrara da Fabio Cannavaro don toshe ramin bashi, ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 1998, daga bisani a 2004 kotu ta ayyana ta a matsayin wadda ta talauce. Mai shirya fina-finai Aurelio De Laurentiis ne ya karɓe ta, ta koma rukuni na uku da sabon suna, Napoli Soccer, domin hatta sunanta na asali sai a 2006 ta sake mallakarsa. Duk da haka dubun-dubatar magoya baya ba su daina cika filin ba, kuma a 2007 ta dawo Serie A.

A ganina, wannan aiki na biyu ya fi na farko wuya. De Laurentiis mutum ne mai kaifin baki da riƙon kuɗi, kuma magoya baya sun sha yin fushi da shi, musamman lokacin da Gonzalo Higuain ya koma Juventus a 2016 a kan Yuro miliyan 90. Amma tsarinsa bai sauya ba: a sayo ɗan wasa kafin duniya ta farga da shi, a sayar idan ya yi tsada, kada albashi ya fi ƙarfin aljihu. A 2022 ya rabu da manyan 'yan wasansa Insigne da Mertens da Koulibaly a lokaci guda, mutane suka ce ƙungiyar ta gama yawo, sai ga Khvicha Kvaratskhelia daga Jojiya da Kim Min-jae ɗan Koriya ta Kudu sun cike gurbin har da ƙari.

Ranar 4 ga Mayun 2023, a birnin Udine, ɗan Najeriya Victor Osimhen, sanye da takunkumin da yake rufe fuskarsa da shi tun bayan karayar da ya samu a wasa da Inter, ya farke ƙwallon da Udinese ta ci, abin da ya ba Napoli kofin gasar na uku bayan jiran shekara 33. Ya kammala kakar da ƙwallo 26 a ƙarƙashin mai horarwa Luciano Spalletti, ya zama ɗan Afirka na farko da ya fi kowa zura ƙwallo a gasar. Maradona bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a Nuwamban 2020, aka kuma sanya wa filin San Paolo sunansa.

Bayan shekara biyu, Osimhen yana zaman aro a Galatasaray, an kuma sayar da Kvaratskhelia ga Paris Saint-Germain ana tsakiyar kaka, amma Antonio Conte ya jagoranci ƙungiyar ta ɗauki kofi na huɗu a 2025 da maki 82, ta bar Inter da 81.