Dahab: garin da ake tallatawa ba tare da masu shi ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Akwai wata magana da kamfanonin yawon buɗe ido ke nanatawa duk lokacin da za su tallata garin Dahab na ƙasar Masar, kuma gaskiya ta ishe ni. Wai wani ɗan lungu ne a bakin teku da babu kowa, sai da matasan Turai masu goye da jaka suka gano shi, masu nutso suka biyo sahu, sannan gari ya tashi. Suka gano shi? To mutanen da suka tarar a wurin suna shanya kifi, suna ɗibar dabino, su ba mutane ba ne?

Dahab yana gaɓar gabas ta yankin Sinai, a bakin tekun Aƙaba, kimanin kilomita 90 arewa da Sharm el-Sheikh. Bayansa jajayen duwatsu da hamada, gabansa ruwa, idan gari ya yi garau ana hango duwatsun Saudiyya a tsallake. Kuma tun ba yau ba akwai mutane a nan. A unguwar Mashraba akwai kufan tashar jiragen ruwa ta Nabatawa, mutanen da suka sassaƙa birnin Petra na ƙasar Jordan, shekaru wajen 2,000 da suka wuce. Bayan su, Larabawan ƙauye 'yan ƙabilar Muzaina suka riƙe wurin. Su ke da dabinon unguwar Asala, su suka san inda rijiya take a cikin kwari, su suka san watan da kifi ke matsowa gaɓa. Gari na da masu shi.

A yaƙin 1967 Isra'ila ta mamaye Sinai. A zamanin mamayar aka shimfiɗa titin da ya bi gaɓar teku, baƙi suka fara zuwa. An ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya a 1979, Masar ta karɓi yankinta a 1982. To a shekarun da suka biyo baya wa ya sauki baƙin nan? Ba wani attajiri daga Alƙahira ba. 'Yan Muzaina ne suka kafa bukkokin ganyen dabino a bakin ruwa, suka shimfiɗa darduma da matasai, suka dafa shayi a kan garwashi, suka gasa gurasa a cikin toka, suka ɗora baƙo a kan raƙumi suka kai shi inda mota ba ta zuwa. Abin da ya fito da sunan garin ke nan. Mutum ya bar Jamus ko Ingila ya zo ya zauna wata guda a bukka, saboda ya samu abin da babu shi a otal mai hawa goma.

Kuma wurin yana da abin kallo, wannan ban musa ba. A Dahab ba sai ka hau jirgin ruwa ba. Ka goya tukunyar iska, ka taka 'yan taku daga gaɓa, sai ga ka a kan duwatsun murjani, kifaye masu launi iri-iri suna gilmawa ta gabanka. Akwai wurin da wasu siraran kifaye masu kama da maciji ke tsiro daga cikin yashi, ɗaruruwa, suna rangaji, da ka matso sai su shige ramukansu. Akwai wata tsaga a ƙarƙashin ruwa da mai nutso ke gangarawa cikinta, iskar da ya fesar tana ratsowa ta ƙananan kafofin dutse ta sama. A kudancin gari akwai fadamar teku inda iska ke kaɗawa kusan kullum, masu sululu a kan ruwa da filafilai suna cika wurin. A ruwan Dahab ɗin nan ne wani Bamisire, Ahmed Gabr, ya nutsa mita 332 a shekarar 2014, ya kafa tarihin duniya.

Sai kuma Blue Hole, 'yan kilomitoci arewa da gari. Rami ne a cikin murjani, daf da gaɓa, zurfinsa ya haura mita 100. A wajen mita 55 akwai wata ƙofa da ke ɓullewa zuwa buɗaɗɗen teku, alhali iyakar da aka gindaya wa mai nutson nishaɗi mita 40 ce. A irin wannan zurfi iskar da mutum ke shaƙa tana juya masa kai tamkar ya sha abin maye, ya kasa gane sama da ƙasa. Mutane da yawa sun mutu a nan. A jikin dutsen da ke kan hanya an manna alluna ɗauke da sunayensu da shekarunsu, galibi matasa. Kuma har wannan ma an mayar da shi talla, ana kirarin wuri mafi haɗari a duniya don a ƙara jawo masu ganganci. Wannan rashin imani ne.

To mu koma kan masu gari. Da kuɗi suka fara shigowa, gwamnati ta ce ƙasar hamada duk ta hukuma ce. Daga farkon shekarun 1990 hukumar bunƙasa yawon buɗe ido ta shiga yanka filayen bakin teku tana ba masu zuba jari a kan farashi mai arha. Mutumin da kakansa ya dasa dabinon wurin aka ce ya kawo takarda. Wace takarda? Shi abin da ya sani, a al'adarsu, wanda ya ɗora hannu a kan fili ya raya shi, kowa ya shaida nasa ne. Kotu ba ta san wannan ba. Manyan otal-otal suka tashi, aka kwaso ma'aikata daga Alƙahira da garuruwan kogin Nilu, daga manaja har mai wankin kwano. Ɗan Muzaina ya koma direban a-kori-kura, mai jan raƙumi, mai dafa shayin dare a cikin kwari. 'Yarsa ƙarama tana bin teburan baƙi da awarwaron zare tana roƙon a saya. Amma duba hoton tallar: rawaninsa ne, raƙuminsa ne, wutarsa ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san amsar da ake bayarwa. Za a ce Masar na buƙatar dala, a ce baƙi kusan miliyan 15 suka shiga ƙasar a 2023, a ce an kawo lantarki da asibiti da makaranta, a ce wasu 'yan ƙabilar ma sun sayar da filayensu da hannunsu, wasu sun yi arziki. Na ji. Babu wanda ya ce a kori baƙi ko a kashe lantarki. Amma makaranta da asibiti haƙƙin ɗan ƙasa ne, ba diyyar gonar dabinonsa ba ce. Kuma wanda ya san gobe za a iya ƙwace filinsa ba tare da ko sisi ba, in ya sayar yau da arha, ba ciniki ya yi ba, gudun asara ya yi.

Ku duba lokacin da masifa ta sauka. Ranar 24 ga Afrilun 2006 bama-bamai uku suka tashi a tsakiyar Dahab, mutum fiye da 20 suka rasu, akasarinsu Misirawa. Kafin nan an kai hari garin Taba na Sinai a 2004, an kai Sharm el-Sheikh a 2005. Aka bi Larabawan Sinai da kame, aka shafa wa kowa baƙin fenti, har da waɗanda abincinsu ya dogara kacokan ga zuwan baƙi. A 2011 aka yi juyin juya hali, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ranar 31 ga Oktoban 2015 jirgin saman Rasha ya tarwatse a sararin Sinai da mutum 224, Rasha da Birtaniya suka dakatar da jiragensu na tsawon shekaru. Mai jari ya kulle otal ya koma Alƙahira, ma'aikaci ya koma garinsu. Wa ya rage? Masu gari. Su ba su da wani garin da za su koma.

Haka batun murjanin. Masana sun nuna cewa murjanin tekun Aƙaba yana jure zafin ruwa fiye da na yawancin tekunan duniya. Amma ba ya jure takun ƙafar ɗaruruwan mutanen da ake kwasowa a motoci daga Sharm el-Sheikh a juye su a Blue Hole, da yawansu ba su iya iyo ba, su tsaya a kan abin da ya ɗauki shekaru aru-aru yana girma su karya shi. Ba ya jure leda, ba ya jure ruwan gishirin da injinan tace ruwa ke maidowa teku. An ayyana yankunan bakin teku na Ras Abu Galum da Nabƙ, da ke arewa da kudancin Dahab, a matsayin wuraren da aka killace don kare halittunsu tun 1992, madalla. Sai dai dokar ta fi kaifi a kan mai komar kifi ɗaya fiye da kan mai motocin safa goma. Wannan wane irin adalci ne?

Kuma abin bai tsaya a bakin teku ba. Daga Dahab ake ɗaukar baƙi cikin dare zuwa Jabal Musa, dutsen da jama'a da dama suka yi imani nan ne Ɗuri Sinina da Alƙur'ani ya ambata, mai tsayin mita 2,285. A gindinsa akwai gidan ibadar Kirista na Santa Katarina, wanda aka gina tun ƙarni na 6, da masallaci a cikin harabarsa. 'Yan ƙabilar Jabaliyya ke jagorantar masu hawa da fitila a hannu. Tun 2020 gwamnati ta ƙaddamar da wani katafaren aikin otal-otal da tituna a can, kuma kuka iri ɗaya ke fitowa daga bakin mutanen wurin: an zo da injina, ba a tambaye mu ba.

Abin da ya kamata hukumomin Kudancin Sinai su yi ba ɓoyayye ba ne. A ba 'yan Muzaina takardun filayen da kowa ya shaida nasu ne, a bakin teku, ba can bayan gari gindin dutse ba. A ware musu kaso sananne daga kuɗin shiga da ake karɓa a ƙofar Abu Galum da Blue Hole. A ƙayyade yawan motocin da ke shiga kullum, a sa 'ya'yansu su zama masu gadin murjanin da albashi, a koya musu aikin malantar nutso su riƙe takardar shaida kamar kowa. Kuma duk wani sabon otal da za a aza tubalinsa a Asala, a zauna da dattawan unguwar tukuna.

Wassalamu alaikum.