Lacca: Amanar da ta karye da siyasar "mu da su"

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, na gode da kuka ara mini kunnuwanku.

Bari mu fara da shekarar 2008. A watan Satumba bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, tattalin arzikin duniya ya girgiza. Ba a yi wata guda ba majalisar dokokin ƙasar ta amince da ware dala biliyan 700 don ceto bankuna, alhali miliyoyin iyalai na rasa gidajensu saboda bashi. Masana za su ce da ba a ceci bankunan ba, da ɓarnar ta fi haka, kuma mai yiwuwa suna da gaskiya. Sai dai wanda aka watso wa kaya waje ba haka ya gani ba. Shi dai ya ga an kai ruwa gidan wanda ya kunna gobarar, an bar shi da toka.

Ku riƙe wannan, don shi ne jigon maganata. Talauci shi kaɗai ba ya kashe amana. Talaka akwai haƙuri, zai jure tsadar rayuwa muddin ya yarda mudu ɗaya ake auna wa kowa da shi. Ranar da ya gano mudun manya daban ne, to daga ranar ko gaskiya gwamnati ta faɗa masa, ƙarya zai ji. Ku dubi Faransa a ƙarshen 2018: ƙarin harajin man fetur ne ya fito da masu zanga-zanga sanye da rawayar riga kan tituna, amma abin da ya ƙona musu rai shi ne gwamnatin Macron ta riga ta soke harajin dukiya da attajirai ke biya, ta bar na gidaje da filaye kawai.

A irin wannan gaɓar ce wani zai hau dandamali ya raba al'umma gida biyu: mu talakawa masu gaskiya, su kuwa manya azzalumai. Masana na kiran abin fofulizim, ni na fi son in ce siyasar "mu da su". Ba ta da ɓangare guda. Trump ya hau ta a 2016, shekarar da kusan kashi 52 cikin 100 na masu ƙuri'a a Birtaniya suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. Hugo Chávez kuwa ta hagu, wato ɓangaren masu ra'ayin gurguzu, ya biyo a Benezuwela a 1998, bayan jam'iyyu biyu sun shafe shekara 40 suna karɓa-karɓa da mulki a kan arzikin man fetur.

Kada ku ce masu zaɓen nan jahilai ne, wannan raini ma yana cikin abin da ya tunzura su. Kokensu gaskiya ne. Inda nake jin tsoro shi ne sa'ad da shugaba ya ce shi kaɗai ne muryar jama'a, domin daga nan alƙalin da ya taka masa burki ya zama maƙiyin talaka, haka ɗan jarida. Chávez ya kawo sabon tsarin mulki a 1999, a 2009 aka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa ta ƙuri'ar raba gardama. A zamanin magajinsa Maduro, fiye da mutum miliyan 7 sun bar ƙasar.

Na hango hannu a can baya. Malama, bismillah, yi tambayarki.